William Osler: likitan da ya fitar da ɗalibai daga aji ya kai su gaban gadon majinyaci

A tsakiyar ƙarni na 19, a yawancin makarantun koyon aikin likita na Amurka, saurayi yana iya karɓar takardar shaidar zama likita ba tare da ya taɓa ɗora hannu a jikin marar lafiya ba. Da yawa daga cikin makarantun mallakar wasu 'yan tsirarun likitoci ne, kuma kuɗin da ɗalibai suka biya shi ne ribarsu, don haka ba a cika tambayar mai neman shiga iyakar karatunsa ba. Zango biyu ake yi, kowanne na 'yan watanni, sau da yawa kuma darussan zangon farko su ake maimaitawa a na biyu. Ɗalibi ya zauna a kan benci ya saurari malami, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya tafi wani gari ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya. Waɗanda suka fara kawo masa kukansu, a jikinsu yake koyon aikin, babu wani babba a kusa da zai gyara masa kuskure. Mutumin da aka fi danganta rushewar wannan tsari da sunansa shi ne William Osler.

Ƙuruciyarsa

An haifi William Osler ranar 12 ga Yuli, 1849, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Bond Head, a yankin da yanzu ake kira Ontario a ƙasar Kanada. Mahaifinsa, Featherstone Osler, tsohon jami'in sojan ruwan Ingila ne da ya ajiye kaki ya zama limamin cocin Angilika, aka turo shi wa'azi cikin dazuzzukan Kanada. William ne na takwas a cikin 'ya'ya tara. Ya tashi da ƙiriniya, har ta kai ga an kore shi daga makarantar garin Dundas, inda iyalin suka koma da zama.

A makarantar kwana ta garin Weston ne ya haɗu da mutum biyu da suka juya akalar rayuwarsa. Na farko shi ne shugaban makarantar, William Arthur Johnson, limamin coci mai sha'awar nazarin halittu, wanda ya fara nuna masa abin da ke cikin ɗigon ruwan kududdufi ta madubin likita. Na biyu kuwa likita ne daga Toronto, James Bovell, wanda ya buɗe masa ɗakin littattafansa. A 1867 Osler ya shiga Kwalejin Trinity ta Toronto da niyyar ya gaji mahaifinsa a aikin coci. Shekara guda kawai ya yi, ya sauya shawara ya koma makarantar likitanci ta birnin.

A 1870 ya ƙaura zuwa Jami'ar McGill da ke Montreal, kuma dalilin ƙaurar yana da alaƙa da duk abin da ya yi daga baya. McGill ta gaji tsarin Edinburgh ta ƙasar Sukotland, inda ake barin ɗalibai su shiga ɗakunan majinyata. A Babban Asibitin Montreal Osler ya riƙa rubuta bayanin marasa lafiya, yana wanke rauni yana ɗaurewa, yana bin malaminsa Robert Palmer Howard daga gado zuwa gado. Ya kammala a 1872.

Shekara biyu da suka biyo baya ya yi su a Turai. A Landan ya yi aiki a ɗakin bincike, inda ya kasance cikin waɗanda suka fara bayyana ƙananan ƙwayoyin nan da ke taimaka wa jini ya daskare. A Balin ya halarci darussan Rudolf Virchow, ya ga yadda ake binciken gawa cikin tsari don gano abin da cuta ta yi wa kowace gaɓa. Ya kuma zauna a Biyana. Daga Ingila ya ɗauko al'adar sa ɗalibi aiki a gefen gado, daga Jamus kuma ya ɗauko haɗa asibiti da ɗakin gwaji, da tsarin ƙananan likitoci da ke shafe shekaru a ƙarƙashin farfesa guda.

Montreal da Philadelphia

Ya dawo McGill a 1874 ya fara koyarwa yana ɗan shekara 25. A lokacin agana na kisa a Montreal, sai ya karɓi aikin kula da ɗakin masu cutar, aikin da ba kowa ke so ba. Shi ma ya kamu, amma abin ya zo masa da sauƙi. Kuɗin da aka biya shi ya sayi maduban likita da su domin ɗalibansa, saboda jami'ar ba ta da su. A shekara goma da ya yi a can ya binciki gawarwaki kusan dubu, yana rubuta abin da ya gani yana kwatanta shi da alamomin da majinyacin ya nuna kafin rasuwarsa. Wannan tarin sani ne ya sa daga baya in ya duba mai rai yakan iya hasashen abin da ke faruwa a cikin jikinsa.

A 1884 Jami'ar Pennsylvania da ke Philadelphia ta ba shi kujerar farfesa. Ɗaliban can sun saba da malamai masu iya zance a kan dandamali, sai ga baƙo ɗan Kanada da ya fi son ya ja su zuwa asibitin talakawa na Blockley, ya zaunar da su kusa da majinyaci ko ya tsayar da su a ɗakin binciken gawa. A nan ne kuma ya yi nazarin zazzaɓin cizon sauro. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya sanar daga Aljeriya cewa ya ga ƙwayar cutar a cikin jini. Da farko Osler bai gamsu ba. Ya zauna ya duba jinin majinyata da yawa da kansa, ya ga abin da Laveran ya gani, ya fito fili ya janye shakkarsa. A jawabinsa na ban kwana da Philadelphia a 1889 ya hori sababbin likitoci da natsuwa, domin firgicin da ya bayyana a fuskar likita yana saurin kama majinyaci da danginsa.

Sabon asibiti a Baltimore

Attajirin nan ɗan kasuwa, Johns Hopkins, ya rasu a 1873 ya bar wasiyyar dala miliyan 7 don a gina jami'a da asibiti a birnin Baltimore. An buɗe asibitin a 1889, aka naɗa Osler babban likitansa. Tare da shi akwai William Welch a fannin nazarin cututtuka, William Halsted a tiyata, da Howard Kelly a cututtukan mata. Makarantar likitancin kuwa ta makara, domin hannun jarin kamfanin jirgin ƙasa da jami'ar ta dogara da shi ya daina kawo riba kamar da.

Osler ya yi amfani da wannan jira ta hanya biyu. Ya kafa tsarin da matasan likitoci za su zauna a cikin asibiti su shafe shekaru suna aiki, nauyin da ke kansu yana ƙaruwa mataki-mataki har su ƙware. Wannan ne asalin tsarin likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka. Sannan ya zauna ya rubuta littafinsa, The Principles and Practice of Medicine, wanda ya fito a 1892. A shekarar ce kuma ya auri Grace Revere Gross, wadda mijinta na farko, likitan tiyata ne a Philadelphia, ya rasu.

Kuɗin buɗe makarantar ya samu ne ta hannun wasu mata masu hali, musamman Mary Elizabeth Garrett, wadda ta ba da kaso mafi tsoka na dala 500,000 da ake buƙata. Ta gindaya sharuɗɗa: a ɗauki mata daidai da maza, kuma kowane mai neman shiga ya zo da digirin farko da sanin kimiyya da harsunan Jamusanci da Faransanci. An buɗe makarantar a 1893 da ɗalibai 18, uku daga cikinsu mata.

Yadda ɗalibi ke fara haɗuwa da marar lafiya

Karatun shekara huɗu ne. Biyun farko ana yin su a ɗakunan gwaji, ana koyon ginin jiki da yadda yake aiki da yadda cuta ke ɓata shi. A shekara ta uku ɗalibi yake fara fuskantar mai rai, a sashen da marasa lafiya ke zuwa ganin likita su koma gida. Osler yakan sa a shigo da majinyacin da shi kansa bai taɓa gani ba, ya kira ɗalibi guda ya fito gaban 'yan uwansa. Kafin ɗalibin ya taɓa mutumin, sai ya faɗi abin da idonsa ya gani: launin fata, yanayin numfashi, kumburin ƙafa, siffar yatsu, yadda mutumin ya zauna. Bayan haka ne zai yi tambaya, ya lalluba ciki, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya saurari zuciya da huhu. Matashin da ya haddace babi guda a kan ciwon zuciya yakan tsinci kansa ya rasa abin cewa a gaban mai ciwon, kuma wannan kunya ta ranar farko tana cikin darasin. Waɗanda suka yi karatu a hannunsa sun shaida cewa yakan sassauta ta da raha, ba ya kuma wulaƙanta wanda ya yi kuskure.

Aikin ba ya ƙarewa da tashi daga darasi. Majinyacin ya zama amanar wannan ɗalibi: ya bibiyi lamarinsa, in bai dawo asibiti ba ya neme shi har gida, ya kawo wa aji labarin yadda ya kwana. Osler kan kuma tura shi ɗakin karatu ya binciko wanda ya fara bayyana cutar, ya dawo ya yi wa 'yan uwansa taƙaitaccen bayani. A shekarar ce kuma ɗalibi ke koyon duba jini da fitsari da majina ta madubin likita. Wasu ɗalibai mata da ya tura gidajen masu tarin fuka a unguwannin talakawan Baltimore sun dawo da bayanin cunkoso da rashin iska da ƙazanta, abubuwan da ba a gani daga cikin asibiti.

A shekara ta huɗu ake raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a sashe guda. Ɗaliban farko sun shiga ɗakunan majinyata a 1896. A sashen Osler kowane ɗalibi yana da gadaje biyar ko shida. Shi ne zai rubuta tarihin ciwon, ya duba majinyacin, ya yi gwajin jininsa da fitsarinsa, ya lura da shi kullum, duk a ƙarƙashin idon likitan da ke zaune a asibitin. Ba shi da ikon yanke shawarar magani, amma aikinsa na cikin ainihin aikin asibitin, in ya yi sakaci za a gani. Da safe, wasu ranaku a mako, Osler kan zagaya gadajen da tawagarsa, ɗalibin da ke da gadon ya gabatar da majinyacinsa, a tattauna, malam ya sake dubawa ya nuna abin da aka tsallake. Idan majinyaci ya rasu aka binciki gawarsa, ɗalibin zai je ya ga ko abin da aka zata shi ne ya kashe shi.

Taifot da ciwon haƙarƙari su suka fi cika gadaje a zamanin, domin Baltimore ba ta da ingantattun magudanan ƙazanta. Osler ya sa ana rubuta lissafin masu waɗannan cututtuka a kan allo tun daga farkon shekarar karatu, wanda ya warke da wanda ya rasu, domin ɗalibi ya fita da abin da ya gani da idonsa. Da yammacin Asabar kuma ɗaliban shekarar ƙarshe sukan hallara a gidansa, a zauna a teburi a bi labarin majinyatan mako, sannan ya ɗauko tsofaffin littattafai ya ba su tarihin magabatan sana'ar. Ya kuma bai wa wasu matasan likitoci makullin gidansa don su shiga ɗakin littattafansa duk lokacin da suka so.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma Osler bai yarda a yar da littafi ba. A ganinsa, mai koyon cuta ba tare da littafi ba kamar matuƙin jirgin ruwa ne da ba shi da taswira, mai karanta littafi ba tare da majinyata ba kuwa bai ma shiga ruwan ba.

Osler bai ƙirƙiro koyarwa a gefen gado ba. Tarihi ya nuna Abubakar ar-Razi yana duba marasa lafiya tare da almajiransa a garin Rayy tun ƙarni na 10, Herman Boerhaave ya shahara da hakan a Leiden ta ƙasar Holan a ƙarni na 18, asibitocin Landan da Edinburgh kuma sun daɗe suna sa ɗalibai aiki. Abin da ya yi shi ne ya mai da shi wajibi a kan kowane ɗalibi, ya haɗa shi da ɗakin gwaji, ya sa asibitin ya zama shi ne makarantar.

Adawa da yaɗuwar tsarin

Masu kula da asibitoci da dama a Amurka sun ƙi buɗe wa ɗalibai ƙofa, suna ganin za su takura wa marasa lafiya ko su cutar da su. A wani jawabi da ya yi a birnin New York a 1903, Osler ya mai da martani cewa majinyaci ya fi samun kulawa a inda ake koyarwa, domin idanu da yawa na kansa, babban likita kuma ba ya yin ha'inci a gaban masu koyo da za su tambaye shi dalili.

Littafinsa ma ya yi nasa aikin. An fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Faransanci da Jamusanci da Sinanci. Ya bambanta da na zamaninsa wajen faɗin gaskiya cewa yawancin cututtuka ba su da maganin da aka tabbatar. A 1897 Frederick Gates, mai bai wa attajiri John D. Rockefeller shawara kan ayyukan taimako, ya karanta littafin, ya girgiza da ganin ƙarancin abin da likitoci ke iya warkarwa. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga kafa cibiyar binciken lafiya ta Rockefeller a 1901. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahoto a kan makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada, ya ɗauki Johns Hopkins a matsayin ma'auni. Cikin shekarun da suka biyo baya makarantu da yawa da ba su da asibiti ko ɗakin gwaji suka rufe. Sai dai Osler bai goyi bayan duk abin da masu gyaran suka kawo ba. Ya soki shawarar hana farfesoshi duba majinyata na kansu a waje, yana tsoron kada a samar da malaman da suka san bincike amma suka yi nesa da rayuwar da ɗalibansu za su tarar bayan makaranta.

Inda aka soke shi

A jawabinsa na ban kwana da Baltimore a 1905 ya bayyana ra'ayinsa cewa muhimmin aikin ɗan Adam yakan kasance kafin shekara 40, kuma ya dace malami ya yi ritaya a shekara 60. Ya kawo, cikin raha, labarin wani littafin ƙagaggen labari na Anthony Trollope inda ake kawar da tsofaffi. Jaridu suka buga cewa babban likita ya ba da shawarar a kashe duk wanda ya kai 60, zancen kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Masana tarihi na baya-bayan nan sun ɗaga batutuwan da suka fi wannan nauyi. Asibitin da ya yi aiki a ciki yana ware baƙaƙen fata a ɗakuna daban. Talakawan da ke kwance a ɗakunan jama'a su aka fi koyon aiki a jikinsu, neman izinin majinyaci kuma bai zama ƙa'ida ba a lokacin. A 1914 ya furta ra'ayin cewa a bar Kanada ta zama ƙasar fararen fata. Duk da ya koyar da mata kuma wasunsu sun shahara, bai ɓoye shakkarsa ba game da shigarsu sana'ar.

Oxford da ƙarshen rayuwa

Yawan aiki ya gajiyar da shi, don haka a 1905 ya karɓi kujerar farfesan likitanci ta sarauta a Jami'ar Oxford da ke Ingila. Gidansa ya zama masaukin ɗalibai da baƙi daga ko'ina. A 1911 aka ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir William. Ya duƙufa wajen tara tsofaffin littattafan likitanci, yana girmama Ibn Sina ƙwarai, har ya yi ƙoƙarin ganin an gyara kabarinsa da ke Hamadan a ƙasar Iran.

Ɗansu na fari ya rasu yana jariri. Na biyu, Edward Revere, wanda aka haifa a 1895, shi kaɗai ya rayu. Ya shiga rundunar manyan bindigogi ta Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ji masa mummunan rauni a Beljiyam a watan Agusta na 1917, ya cika. Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda ya yi maƙwabtaka da su a Baltimore, yana cikin waɗanda suka tsaya a kansa. Osler ya ci gaba da zagayen asibitoci yana duba sojoji, amma na kusa da shi sun ga bai sake komawa daidai ba.

A ƙarshen Satumba na 1919 yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya tilasta masa doguwar tafiya a mota cikin sanyi. Ya kwanta da ciwon ƙirji wanda ya zama ciwon haƙarƙari, mugunya ta taru a gefen huhunsa. Ya bibiyi ciwon nasa kamar yadda ya koya wa ɗalibai, ya gane inda zai ƙare, ya bar umarnin a binciki gawarsa. Ya rasu ranar 29 ga Disamba, 1919, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da Cushing ya rubuta ya ci kyautar Pulitzer a 1926.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa na Ibadan ko Zariya ko Kano ya san ayarin nan na safe: babban likita a gaba, likitoci masu neman ƙwarewa a bayansa, ɗalibai cikin fararen riguna a ƙarshe suna rubutu. Tsarin ya iso Najeriya ne ta hanyar Ingila, daga tushen da Osler ya ɗebo nasa. Tambayoyin da aka yi a Baltimore har yau ana yin su: yaushe ya dace a fara kai ɗalibi gaban majinyaci, wa zai tsaya a kansa, kuma wane haƙƙi majinyacin yake da shi na ya amince ko ya ƙi. Makarantu da dama a duniya yanzu suna fara kai ɗalibai asibiti tun a shekarar farko, wato sun wuce inda shi ya tsaya.

Osler ya sha faɗin cewa a cikin duk ayyukansa babu wanda yake so a tuna shi da shi kamar koyar da ɗalibai a ɗakunan majinyata. Littattafansa kusan 8,000 ya yi wasiyyarsu ga McGill, makarantar da ta fara barinsa ya tsaya a gefen gado. An buɗe ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa a 1929, kuma a cikinsa aka ajiye tokar gawarsa da ta matarsa.